Yaya aikin jami'in da ke gwada masu neman lasisin tuƙi yake a yau da kullum?

Mai Neman Shawara ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina tuƙi a matsayin sana'a, kuma kwanan nan aka buɗe ƙofar ɗaukar sababbin jami'an da za su riƙa gwada masu neman lasisin tuƙi, har wani na gaba da ni ya ba ni shawarar in nema. Sanarwar ta bayyana sharuɗɗa da irin horon da za a bayar, amma ba ta ce komai game da yadda aikin yake idan an shiga cikinsa ba, shi ya sa nake so in ji daga bakin waɗanda suka yi shi ko suke kan yin sa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zama a gefen mutumin da ban san iyawarsa ba, a cikin mota mai tafiya, alhali sitiyarin ba a hannuna yake ba. Na saba ni ke riƙe da mota, kuma ko a motar wani na zauna, ƙafata ba ta daina laluben birki. Shin mutum yana sabawa da wannan, ko kuwa da fargaba ake wuni kullum? Ina kuma so in san yadda ake yanke hukunci idan mai neman lasisi bai yi wani babban kuskure ba amma tuƙinsa bai kwanta wa jami'in a rai ba, da yadda ake fuskantar mutumin da za a gaya masa bai ci ba, musamman idan abincinsa ya rataya a kan lasisin. Ina roƙon wanda ya san aikin ya faɗa mini daɗinsa da wuyarsa ba tare da rage komai ba. Na gode.

Tsohon Jami'in Gwaji ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na yi wannan aiki har na yi ritaya, kuma zan fara maka da yadda wuni yake tafiya, domin daga nan ne za ka fahimci sauran.

Jami'i yana isa wurin aiki kafin mutum na farko ya zo, ya karɓi jerin sunayen da aka ba shi, ya binciki halin da hanyoyin gwaji suke ciki, domin gyaran titi ko cunkoso yana iya sa a sauya hanya. Idan lokaci ya yi sai ka fita ka kira suna, ka duba takardar koyon tuƙi, ka tabbatar cewa fuskar da ke hoton ita ce a gabanka, domin ana samun masu turo wani ya yi gwaji a madadinsu. Daga nan sai gwajin gani. A Birtaniya, misali, inda gwajin tuƙi ya zama dole tun 1935, ana sa mutum ya karanta lambar mota daga nisan mita 20, kuma idan ya kasa, magana ta ƙare kafin a tada inji. Sai ka zagaya motar ka duba tayoyi da fitilu da madubai da bel, domin motar da ba ta da lafiya ba a gwaji da ita, ko da mai ita zai yi fushi. Tuƙin kansa a Birtaniya yana ɗaukar ɗan fiye da rabin awa, a wasu ƙasashe ya fi haka, a wasu bai kai ba. Idan kun dawo sai ka faɗi sakamako, ka rubuta rahoto, kuma kafin ka gama shan ruwa na biyu yana jiranka. Haka ake yi har yamma.

Game da fargaba, ba ta gushewa gaba ɗaya, kuma ba na yi maka fatan ta gushe, amma tana komawa lura. Cikin mintunan farko za ka karanci mutum sosai: yadda ya gyara kujera da madubi, yadda ya saki kuloci, ko ya waiwaya kafin ya ɗaga daga gefen titi, da yadda ya tunkari mahaɗar farko. Idonka yana aiki a wuri uku a lokaci guda, wato titin da ke gaba, da abin da ke biye da ku, da idon direban kansa, domin dole ne ka san ko ya ga abin da ka gani. Saboda haka gogaggen jami'i yakan ɗan karkata zamansa ta yadda zai ga fuskar direba ba tare da ya zura masa ido ba. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a cikin daƙiƙa ɗaya, saboda haka kai ma tuƙi kake yi a zuci, kuma dole ne ka riga direban hango abin da ke tafe.

Ba da umarni ma gwaninta ce da ake koya. Ana faɗin hanya da wuri, da murya ɗaya wadda ba ta hawa ba ta sauka: “A shataletalen da ke gaba, ka bi hanya ta biyu.” Idan ka makara wajen faɗa har mutum ya sha kwana a gigice, laifin naka ne, kuma ba ka da ikon rubuta masa shi. Haka nan idan ya manta ya bi wata hanya daban amma ya bi ta lafiya, da sigina da duba madubi, bai yi laifi ba, sai ka nemo hanyar dawo da shi ba tare da ka nuna masa komai ba.

Yanzu ga tambayarka ta hukunci, wadda ita ce zuciyar aikin. Kusan ko'ina ana raba kuskure hawa-hawa: ƙarami wanda bai jawo haɗari ba, babba wanda zai iya jawo shi, da wanda ya riga ya jefa wani cikin haɗari a lokacin. A Birtaniya mutum yana iya cin gwaji da ƙananan kurakurai har 15, amma babba guda ɗaya ya isa ya kayar da shi. Wahalar ita ce aiki iri ɗaya yana iya faɗawa cikin kowane hawa, gwargwadon wuri da lokaci. Idan mota ta mutu a hannun mutum a titin da babu kowa, ya ja birkin hannu, ya tada ta, ya duba ya ci gaba, wannan ƙaramin abu ne. Idan ta mutu masa a tsakiyar mahaɗa, babbar mota tana tahowa, shi kuma ya rikice yana murɗa makulli da giya a ciki, wannan magana ce daban. Littafin aiki yana ba ka ma'auni, amma kai za ka auna, kuma cikin daƙiƙa biyu ko uku.

Masu koyo sukan kashe ƙarfinsu a kan ribas da fakin, suna zaton nan ne ake faɗuwa. A abin da na gani, kuma alƙaluman hukumar gwajin tuƙi ta Birtaniya sun daɗe suna nuna haka, abin da ya fi kayar da mutane shi ne rashin duba da kyau a mahaɗa, sai rashin duba madubi kafin sauya hannu. Mutum zai juya kansa dama da hagu kamar yadda aka koya masa, amma bai ga mai babur ɗin da ke tahowa ba, domin kan ne ya juya, hankalin yana kan kuloci. Bambance mai juya kai da mai gani shi ne abin da ya fi ɗaukar sabon jami'i lokaci.

Idan kuwa tuƙin mutum bai kwanta maka a rai ba, ka tambayi kanka dalili. Galibi za ka same shi: yana matse wa motar gaba, ko yana taka birki a makare, ko yana shiga kwana da gudun da ya wuce kima. Wannan abu ne da ka gani, kuma yana da gurbi a takarda. Idan ka laluba ba ka sami abin da za ka iya nunawa ba, to ba ka da hujjar kayar da shi, domin ba a hana mutum lasisi a kan zato. Na sha sa hannu a takardar mutumin da da ɗana ne, da na so ya ƙara makonni yana koyo, amma ya cika abin da doka ta nema, kuma haƙƙinsa ne.

Abin da ya fi ba ni wuya a tsawon aikina shi ne riƙe ma'auni ɗaya daga safe har yamma. Idan wani ya kusa jefa ka ƙarƙashin tirela da hantsi, jikinka yana rawa za ka shiga motar na gaba, kuma idan ba ka kula ba za ka tsananta masa a kan laifin da ba nasa ba. Idan kuma mutum huɗu sun faɗi a jere, zuciya takan fara raya maka ka sassauta wa na biyar. Duka biyun zalunci ne, kuma babu wanda zai gan su sai kai.

Jami'a Mai Kan Aiki ta amsa:

Baba ya yi bayani mai gamsarwa a kan tuƙin, ni kuma, Malam, zan tsaya a kan abin da ke faruwa bayan an kashe inji, domin a nan ne na ga sababbin abokan aiki suka fi karaya.

Ƙa'idata ita ce faɗin sakamako nan take, a jumlar farko, ba tare da dogon sharhi ba. Mutumin da zuciyarsa ke dukan uku-uku ba ya jin komai sai ya ji ko ya ci ko bai ci ba, kuma ja masa rai mugunta ce. Idan bai ci ba nakan ce, “Ka yi haƙuri, ba ka yi nasara a wannan karon ba,” sai in ɗan dakata, sannan in tambaye shi ko yana so in bayyana masa dalili. Idan ya yarda sai in kai shi wurin da abin ya faru da kwatance: mahaɗar da ke bayan gada, farar motar da ta taka birki saboda shi. Da yawa ba su ma san abin ya faru ba, kuma wannan rashin sanin shi ne ainihin dalilin faɗuwar.

Akwai wani dattijo da ba na mantawa da shi. Ya yi tuƙi mai tsabta, hannunsa a natse, ribas ɗinsa babu abin cewa. Muna dab da komawa muka iso wurin tsallakar masu tafiya a ƙasa, wata mota ta tsaya a layin da ke gefenmu, shi kuwa bai tambayi kansa dalilin tsayawarta ba, ya ci gaba da gudunsa. Wata yarinya ce riƙe da hannun ƙaninta ta fito daga gaban motar, sai da na taka birkin da ke gefena, wato birki na biyu da ake sa wa motar koyon tuƙi a gefen fasinja. Da muka tsaya na faɗa masa, bai yi musu ba, ya ɗora hannayensa biyu a kan sitiyari ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce an yi masa alkawarin aikin tuƙi idan ya kawo lasisi a makon nan. Na ji abin har cikin raina, na kuma wuni da shi, amma babu yadda za a yi in sa hannu, domin ranar da zai sake isa irin wannan wuri ba na cikin motar.

Ba kowa ne yake karɓa kamar dattijon nan ba. Akwai mai kuka, akwai mai rantsuwa cewa ya duba madubi, akwai mai zagi, kuma ni da nake mace nakan haɗu da wanda tun daga ɗakin jira ya nuna bai so a ce ni zan gwada shi ba. Horo yana koya maka kada ka kai ruwa rana da kowa a cikin mota: ka faɗi abin da ka gani sau ɗaya, ka nuna masa hanyar shigar da ƙorafi, ka fita. Idan ya yi barazana ka rubuta ka kai wa shugabanka a ranar.

Maganar alfarma da cin hanci kuwa ba zan ɓoye maka ba, gwargwadon inda kake aiki za ka haɗu da ita. Wani zai miƙo takardunsa da kuɗi a naɗe a ciki, wani kuma ɗan'uwanka zai sa ya kira ka da dare, kuma wannan ta biyun ta fi wuyar turewa. Abin da ya taimake ni shi ne tun makon farko na sa kowa ya san ba sani ba sabo, kuma duk wanda na sani, ko na san iyayensa, nakan mayar da sunansa a ba wani jami'in. Idan ka karɓa sau ɗaya, labari zai zaga makarantun koyon tuƙi kafin ka koma gida, kuma daga ranar ba kai ke da hukuncinka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ba na cewa gwajin tuƙi kaɗai zai magance wannan, amma shi ne wuri ɗaya da ake tsayar da direba a dube shi kafin a sake shi shi kaɗai, kuma wanda ya sayar da wannan dubawa ya san abin da ya sayar.

Ka kuma sani cewa kai ma ana gwada ka. Lokaci-lokaci babban jami'i yakan zauna a kujerar baya ya cika tasa takardar, a kwatanta da taka, kuma ana duba yawan waɗanda suke ci a hannunka idan aka gwama da na abokan aikinka a hanyoyi iri ɗaya. Wannan ba ya nufin akwai adadin da aka ce a kayar, ko da yake masu koyo sun yi imani da haka. Manufar ita ce a gano wanda ma'auninsa ya karkata.

Ta fuskar jiki, baya da wuya su ne suke fara ƙorafi, saboda yawan waiwaye da birkin gaggawa da zama a kujerun motoci daban-daban da ba kai ka gyara su ba. Zafi da ruwan sama duk a kanka suke ƙarewa. Daɗin aikin kuwa yana nan, kuma ba ƙarami ba ne. Idan matar da ta faɗi a baya ta dawo ta yi tuƙin da babu abin rubutawa, ka ce mata ta ci, ta rufe fuska da hannu tana godiya ga Allah, za ka koma gida da sauƙin zuciya. Sannan aiki ne da ba ya bin ka gida da takardu, idan ka rufe rahoton ƙarshe ka gama.

Malamin Koyar da Tuƙi ya amsa:

Ni ba jami'in gwaji ba ne, ina koyar da tuƙi ne, kuma ni nake karɓar ɗalibai idan sun fito daga hannunku, saboda haka ina neman izinin Baba da Hajiya in faɗi abin da ake gani daga ɗaya ɓangaren.

Ban yarda cewa ma'aunin ya daidaita kamar yadda ake fata ba. Mu da muke kai ɗalibai kullum mun san jami'in da ɗan jinkiri a shataletale yake ɗauka taka-tsantsan, mun kuma san wanda yake rubuta shi a matsayin tare hanya. Takarda ɗaya suke cikawa, horo ɗaya suka samu, amma ɗalibi yana iya ci a hannun wannan ya faɗi a hannun wancan da tuƙi iri ɗaya. Ban ce da gangan ake yi ba, amma ya kamata mai shiga aikin ya san cewa wannan bambanci yana nan, kuma talaka ne yake biyansa da kuɗin sake gwaji da watannin jira.

Abu na biyu shi ne fuska. Na san doka ta hana jami'i koyarwa a lokacin gwaji, amma ba ta hana shi sakin fuska ba. Ina da ɗalibai da suke tuƙi lafiya lau tare da ni, amma da zarar baƙo ya zauna a gefensu ya ɗaure fuska, ya ƙi amsa gaisuwa da kyau, sai ƙafarsu ta kama rawa a kan kuloci. Mafi muni shi ne motsin alƙalami. Ɗalibi yana ganin an rubuta wani abu sai ya yanke wa kansa hukuncin cewa ya faɗi, gwiwarsa ta yi sanyi, ya saki tuƙin, sannan ya yi babban kuskuren da zai kayar da shi da gaske, alhali abin da aka rubuta da farko ƙarami ne. A Jamus malamin ɗalibi ne yake zama a gaba, jami'in gwaji yana kujerar baya, kuma ina ganin wannan tsari yana rage wa ɗalibi firgici, domin wanda ya saba da shi yana kusa ko da ba zai ce masa komai ba.

Kai kuma ɗan'uwa mai tambaya, ka shirya wa abu ɗaya: daɗewa a tuƙi ba ita ce iya tuƙin gwaji ba. Duk tsohon direba yana da ɗabi'un da ya tara, kamar riƙe sitiyari da hannu ɗaya, ko sa sigina bayan ya fara juyawa, ko rage gudu kawai a inda alama ta ce a tsaya cik. A wurin horo za a fara da naka tuƙin, kuma za a auna shi da ma'aunin da ya fi na ɗalibai tsanani. Ka nemi malami ya zauna da kai ya tsefe tuƙinka kafin ka je.

Mai Neman Shawara ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri, na ƙaru ƙwarai, kuma shawarar Malam ta neman wanda zai duba tuƙina zan bi ta. Baba, saura tambaya ɗaya da labarin Hajiya ya tayar mini. Yaushe ne jami'i yake sa hannu ko ƙafa a tuƙin? Ina tsoron in yi gaggawa in kayar da mutumin da da na ƙyale shi zai gyara da kansa, ina kuma tsoron in jinkirta a yi ɓarna. Idan kuma motar ba ta da birki a gefen jami'i, me kuke yi? Sannan idan an riga an san mutum ya faɗi, ana ci gaba da gwajin ne ko ana komawa?

Tsohon Jami'in Gwaji ya sake amsawa:

Tsoron nan biyu da ka ambata, ƙanena, duk jami'in kirki yana tare da su, kuma horo yana ɗaukar lokaci mai tsawo a kansu. Abin da ake so shi ne ka bar wa direba dukkan damar da za a iya bar masa ba tare da an taɓa lafiyar kowa ba. A aikace, tun kana hango matsala kake yanke wa kanka iyaka a zuci: idan muka kai waccan fitilar bai ɗaga ƙafa daga totur ba, zan yi magana, idan muka kai wancan layin bai taka birki ba, zan taka. Iyakar tana matsowa kusa idan titi ya jiƙe ko gudu ya yi yawa, domin idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da birki yake buƙata yana ninkawa sau huɗu. Ƙafarka tana kusa da birki amma ba a kansa ba, kuma ba ka bari direba ya ga ta motsa, domin motsin nan kaɗai ya isa ya ankarar da shi, ka ga ka ba shi amsa ke nan.

Murya ita ce matakin farko, kalma ɗaya mai ƙarfi: “Tsaya!” Idan ba ta isa ba sai birki, sitiyari kuwa shi ne na ƙarshe, kuma ana tura shi ne kaɗan don a kauce, ba a fizge shi. A motar da ba ta da birki a gefenka, murya da sitiyari da birkin hannu kawai gare ka, kuma birkin hannu ba abin dogaro ba ne idan ana gudu, domin yana iya sa bayan mota ya zame. Saboda haka a irin wannan mota iyakarka tana zuwa da wuri, kuma idan mintunan farko sun nuna maka cewa mutumin bai mallaki motar ba, kada ka kai shi babban titi.

A yawancin tsare-tsare, da zarar jami'i ya sa baki ko hannu don kauce wa haɗari, mutum ya faɗi. Duk da haka galibi ana ƙarasa hanyar ba tare da an faɗa masa ba, domin ya biya kuɗin cikakken gwaji, kuma rahoton da ya ƙunshi tuƙinsa duka zai fi amfanar malaminsa. Ana katsewa ne kawai idan ci gaba zai zama ganganci, sai ka sa shi ya tsaya a wuri mai aminci, ka kashe inji, ka bayyana masa.

Malam mai koyarwa kuma, maganarka ta bambancin jami'ai gaskiya ce, kuma shi ya sa ake zama a baya ana duba mu, ko da yake hakan bai kawar da ita duka ba. A kan alƙalami ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Abin da nake koya wa sababbin jami'ai shi ne su faɗa wa mutum tun kafin a tashi cewa za su riƙa rubutu lokaci-lokaci, kuma rubutu ba ya nufin faɗuwa, sannan kada su rubuta kuskure a daidai lokacin da aka yi shi. Su riƙe shi a ka har a wuce mahaɗar, mota ta miƙe, idon direba ya koma kan titi, sannan su sa alama a takardar da ke kan cinyarsu ba tare da sun sunkuyar da kai ba.